Yadda za ka gane gabas, alƙibla da hanyar komawa da kamfas ɗin wayarka a Legas

Wanda ya taso a Arewa da kamfas ɗinsa yake yawo a ka, ko da bai taɓa riƙe na ƙarfe ba. A Kano ko Katsina in ka tambayi hanya, cewa za a yi ka miƙe gabas, in ka kai masallaci ka yanki kudu. Sama a buɗe take, rana ta fito kana gani, ta faɗi kana gani. To ranar da mutum ya sauka a Ikko, wato Legas, wannan sanin sai ya tsaya a tasha. Benaye sun tare rana, gadoji suna murɗewa kamar igiya, da damina hadari ya rufe sama kwana da kwanaki, mutanen gari kuma da sunan tashar mota suke kwatance, ba ruwansu da gabas da yamma.

Wani ƙanena ya zo daga gida cikin watan Disamba, ya kama ɗaki a Agege. Ya leƙa ta taga da safe ya ga inda rana ta ɓullo, ya shimfiɗa dardumarsa ta nan. Sai da ya yi kusan mako uku kafin na kai masa ziyara na ga inda yake fuskanta. Tsakaninsa da alƙibla akwai kusan digiri 50. Abin ya tsaya mini a rai, domin wayar da ke aljihunsa za ta iya gyara masa wannan cikin minti biyu, da an taɓa nuna masa. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, daki-daki, yadda na nuna masa a ranar.

Fara tabbatar da cewa wayarka tana da shi

A cikin waya akwai wata 'yar na'ura da ba ta kai ƙwayar gero ba, aikinta jin ƙarfin maganaɗisun duniya da ɓangaren da yake ja. Wayar tana haɗa abin da ta ji da bayanin wasu na'urori biyu masu gane karkata da juyawa, sai ta fitar maka da arewa. Wannan aikin ba ya buƙatar data, ba ya buƙatar sabis. Ko layinka ya mutu, kamfas yana nan yana aiki.

Amma ba kowace waya ke da wannan na'urar ba. Duk iPhone tun daga 3GS ta 2009 tana da ita, da manhajar Compass a ciki. A ɓangaren Android, manyan wayoyi da matsakaita galibi suna da ita, amma ƙananan wayoyi masu araha da yawa an cire musu don a rage farashi, kuma irinsu ne suka fi yawa a hannun 'yan'uwanmu masu neman na kai. Hanya mafi sauƙi ta ganewa: buɗe Google Maps, kunna wurin da kake, ka dubi shuɗin ɗigon nan da ke nuna inda kake tsaye. In akwai wani haske da ke fita daga jikinsa kamar hasken tocila, tsaya wuri ɗaya ka juya jikinka a hankali. Hasken ya juya tare da kai, to wayarka tana da kamfas. In babu hasken sam, ko yana nan amma ko gezau, to babu, kuma babu wata manhaja da za ka sauke ta saka maka abin da ba a ƙera wayar da shi ba. Kada wani ya karɓi kuɗinka da sunan zai sa maka. A yawancin wayoyin Samsung kana iya danna *#0*# a wurin kira, ka shiga Sensor, za ka ga ko akwai sashen maganaɗisu da lambobinsa suna motsi.

In za ka sayi waya a Computer Village da ke Ikeja, musamman ta hannu, yi wannan gwajin na shuɗin ɗigo kafin ka ƙirga kuɗi.

Wasu wayoyin Android sun zo da manhajar kamfas tasu, kamar na Xiaomi. A Samsung yana ɓoye cikin kayan aikin da ake jawowa daga gefen fuskar waya. In taka ba ta da shi, sauke ƙarama daga Play Store. Wadda ta nemi izinin shiga lambobin mutanenka ko hotunanka, goge ta. Kamfas ba shi da abin yi da su. Izinin sanin wurin da kake shi kaɗai ne mai hujja.

Karanta fuskar kamfas

Da'ira ce mai digiri 360. Arewa ita ce 0, an rubuta N. Gabas 90, harafin E. Kudu 180, harafin S. Yamma 270, harafin W. Abin da ya faɗa tsakani shi ne su arewa maso gabas a 45, kudu maso gabas a 135, kudu maso yamma a 225, arewa maso yamma a 315. In lambobi suna rikita ka, ɗauki agogon bango: arewa ƙarfe 12, gabas ƙarfe 3, kudu ƙarfe 6, yamma ƙarfe 9.

Babbar lambar da ke fitowa a fuskar wayar tana gaya maka inda kan wayar yake nunawa. Don haka riƙon yana da muhimmanci. Kwantar da wayar a tafin hannunka kamar kana ɗauke da faranti cike da ruwa, kanta yana kallon gabanka, gwiwar hannunka a manne da jikinka. In za ka juya, juya gaba ɗayanka, ƙafafu da kafaɗu tare. Mutane da yawa hannu kawai suke lanƙwasawa, sai wayar ta nuna wani wuri, ƙirjinsu yana kallon wani. A iPhone akwai 'yar alamar giciye a tsakiya. In ta hau kan tsakiyar da'irar daidai, wayar ta kwanta sosai.

Akwai arewa biyu, ya kamata ka sani. Akwai wadda maganaɗisu ke nunawa, akwai ta ainihi wadda taswira ke aiki da ita. A wasu ƙasashen tazarar tana da yawa, a kudancin Afirka ta Kudu ta haura digiri 20. Mu a Legas Allah ya sauƙaƙa mana, ba ta wuce digiri ɗaya ko biyu ba. Duk da haka ka zaɓi ta ainihi in manhajarka ta ba da zaɓi. A iPhone, cikin saiti, ƙarƙashin Compass, kunna Use True North. Lambar alƙibla da zan ba ka a gaba daga wannan arewar aka auna ta.

Saita shi, sannan ka gwada shi kafin ka yarda da shi

Nan ne zan daɗe, domin nan ne mutane suke cutuwa. Kamfas ɗin waya ba ya cewa ban sani ba. Ko ya rikice, lamba zai ba ka da cikakken ƙarfin hali, kai kuma ka ɗauka gaskiya ce.

Ƙarfin maganaɗisun duniya rauni gare shi ƙwarai. Duk wani ƙarfe ko waya mai ɗauke da wuta da ke kusa da kai zai iya rinjayarsa. Kuma Legas gari ne na ƙarfe. Janareta a ƙofar kowane shago, taransifoma a bakin layi, shagunan kwantena, ƙofofin ƙarfe, ƙarafan taga, rodin da ke cikin dakali da ginshiƙai, jikin danfo (ƙananan motocin haya na Legas) da Keke, dogon jirgin ƙasa da ya ratsa Agege, ƙasan gadar Oshodi ko ta Obalende. Kusa da kai ma akwai: rigar waya mai maɓallin maganaɗisu, abin maƙala waya a mota ko a kan babur, lasifika, makullai, har da fawa bank da ka haɗa da wayar a hannu ɗaya.

Don haka matakin farko shi ne cire wayar daga riga in mai maganaɗisu ce, cire caja, ka matsa fili. Taku biyar ko shida daga mota ko janareta, fiye da haka daga taransifoma.

Sannan ka saita. Riƙe wayar sosai ka zana lamba 8 a iska, babba, sau uku ko huɗu, kana murɗa wuyan hannunka yadda fuskar wayar za ta kalli sama, ta kalli gefe, ta kalli ƙasa. Murɗawar ce aikin. Wayar kanta tana da ƙarafa da maganaɗisun lasifika a cikinta, to juyin da kake yi ta kowace fuska shi ke ba ta damar ware nata daga na duniya. Wanda ya kaɗa ta a kwance kamar yana fifita bai yi komai ba. A Google Maps in ka taɓa shuɗin ɗigon za ka ga Calibrate, ya nuna maka yadda ake yi. Alamar nasara ita ce hasken tocilar ya tsuke. In ya buɗe baki da faɗi, wayar ce ke gaya maka ba ta da tabbas. iPhone kan saita kanta, muddin ba a kashe Compass Calibration a cikin saitin wuri ba.

Yanzu gwaji. Ni uku nake yi, kuma ba sa cin minti ɗaya.

Na farko, nemi miƙaƙƙen layi wanda ba ƙarfe ba, gefen bencin katako ko layin tayil. Jera wayar da shi ka karanta. A ce ta nuna 40. Juya ta kai ya koma inda gindi yake, a kan layin dai. Ya kamata ka ga 220, wato an ƙara 180. In ka ga 205 ko 240, ba ta saitu ba, sake zana takwas ɗin.

Na biyu, fuskanci abu ɗaya mai nisa, dogon ƙarfen sabis ko hasumiyar masallaci, ka yi taku goma zuwa gare shi kana kallon lambar. In ta tsaya kusan wuri ɗaya, wurin lafiya lau. In tana hawa tana sauka alhali kai ba ka karkata ba, akwai ƙarfe kusa, watakila ƙarƙashin ƙafarka.

Na uku sai in manhajarka tana nuna ƙarfin maganaɗisu, wata lamba mai alamar µT a gefe. A duniya gaba ɗaya tana tsakanin 25 da 65. A Legas kuwa abin da ya kamata ka gani a fili shi ne talatin da 'yan kai. In ka ga 70 ko 120, abin da wayar ke ji ba duniya ba ce, bar wurin.

Wasu kan jera wayoyi biyu don su ga ko sun yi daidai. Dabara ce mai kyau, amma kada ku manna su. Kowace tana da maganaɗisu a lasifikarta, za su ruɗa juna. Ku bar tsawon hannu a tsakani, ku fuskanci abu guda. Kuma ko an yi komai daidai, ka sa a ranka cewa kuskuren digiri biyar, wani lokaci har goma, abu ne da aka saba da shi a waya.

Alƙibla

A bakinmu gabas da alƙibla abu ɗaya ne. Mukan ce ya fuskanci gabas, muna nufin ya tayar da sallah. Amma a kan kamfas ba ɗaya ba ne. Makka tana arewa maso gabas da mu, sama da kilomita 4,000 daga Legas. Daga nan alƙibla tana kan digiri 63 daga arewa. A Kano 68 ce, a Sakkwato kusan 71. Wato duk yadda ka gangaro kudu, alƙibla ƙara karkata take yi zuwa arewa. Wanda ya tsaya a Legas ya saita wayarsa a kan E daidai, ya kauce da digiri 27.

Yadda za ka yi: bayan ka saita ka gwada, kwantar da wayar, ka juya a hankali har lambar ta kai 63. Inda kan wayar ya nuna, nan ne. A lissafin agogo, in arewa ƙarfe 12 ce, alƙibla ta ɗan gota ƙarfe 2 kaɗan. In kuma ka riga ka san gabas, fuskance ta, miƙe hannunka ka dunƙule. Faɗin dunƙulen hannu a wannan nisan kusan digiri 10 ne. Ƙirga uku zuwa hagu, ka rage kaɗan. Wannan lambar ta 63 ta ishe ka ko'ina a cikin gari, Agege ne, Idi-Araba, Alaba Rago ko Ajah, bambancin bai kai abin damuwa ba.

Abin da ya ruɗi ƙanena shi ne rana ba a wuri ɗaya take fitowa ba duk shekara. Wajen 21 ga Maris da 23 ga Satumba ne kawai take fitowa a gabas sak. A ƙarshen Yuni tana ɓullowa wajen digiri 66, dab da alƙibla. A ƙarshen Disamba kuwa ta koma wajen 114, can kudu maso gabas. Wanda ya bi mafitar rana a Yuni ya dace, wanda ya bi ta a Disamba ya yi nisa.

Matsalar ita ce a cikin ɗaki ake sallah, ɗakin bene kuma rodi ne sama da ƙasa. Na sha ganin waya ta nuna alƙibla a wannan kusurwar ɗaki, a ɗaga ta zuwa waccan kusurwar ta nuna wani wuri dabam. Maganin shi ne ka auna a waje ka shigo da sakamakon ciki. Fita tsakar gida ko bakin layi, ka sami 63, ka lura da yadda ta kwanta da bangon gidan: tana tafiya tare da bangon ne, ko ta yanke shi, ko ta nufi kusurwa. In akwai wani abu mai nisa a kan layin, bishiyar kwakwa ko tankin ruwan wani bene, wanda ake hangowa ta tagarka, ka huta. Koma ciki ka shimfiɗa darduma a kan wannan, ka ɗan yi alama a ƙasa yadda baƙonka ma zai gane. In dole sai a ciki za ka auna, tsaya tsakiyar ɗaki, riƙe wayar daidai ƙirji, kada ka ajiye ta a kan dakali, ka gwada wuri uku ka ɗauki abin da biyu suka yi tarayya a kai.

Akwai kuma hanyar da ba ta buƙatar waya ko kaɗan, mai kyau don tantance alamar da ka yi. Sau biyu a shekara rana takan tsaya daidai saman Ka'aba: 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 10:18 na safe agogon Najeriya, da 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 10:27. A wannan lokacin duk wanda ya fuskanci ɓangaren da rana take ya fuskanci alƙibla. Kafa sanda a miƙe, layin inuwarta shi ne layin alƙibla, kai kuma ka tsaya a ƙarshen inuwar kana kallon sandar. Damuwar kawai ita ce watannin nan tsakiyar damina ne a Legas, sai ka yi fatan hadari ya ɗan yaye. Kwana ɗaya ko biyu kafin ranar ko bayanta ma ya yi.

Wata magana da nake so a riƙe da kyau. Don ka koyi wannan, kada ka shiga masallacin unguwa da waya a hannu kana cewa sahu ya karkace. Masallaci cike yake da rodi, fankoki da lasifika, wayarka ce ta fi kusa da yin kuskure a wurin. Malamai kuma sun yi bayani cewa wanda ke nesa da Makka fuskantar ɓangaren ake nema a gare shi, 'yar karkata kaɗan ba ta ɓata sallah. In ka auna daga waje sau da dama ka ga tazarar babba ce, je wurin liman a keɓe, cikin ladabi, ka ce Malam ga abin da na gani, a duba. Kamfas na ɗakin haya ne, da masauki, da wurin aiki, da bakin hanya, inda babu mihrabin da za ka bi.

Shiga kasuwa da fitowa

Ɗauki kasuwar Balogun a cikin Island, wato tsibirin Legas. Layuka ne ƙanana masu kama da juna, rumfuna sun rufe sama, ka juya sau uku ka rasa ta inda ka shigo. Haka Mile 12 take da sassafe in motocin tumatir da albasa sun sauke.

Kafin ka shiga, tsaya a bakin babban titi, fuskanci cikin kasuwar ka karanta. A ce ka ga 30. Hanyar komawa ita ce kishiyarta: in lambar ba ta kai 180 ba ƙara mata 180, in ta wuce cire 180. Talatin ta zama 210. Wanda ya shiga a kan 250 zai fito a kan 70. Riƙe lambar a ka, ko ka ɗauki hoton fuskar wayar. A iPhone in ka taɓa tsakiyar kamfas ɗin zai kulle lambar da kake kai, duk lokacin da ka kauce sai jan zane ya fito yana nuna yawan kaucewar.

In ka gama sayayya, ba za ka iya miƙewa sak a kan 210 ba, shaguna sun tare. Abin yi shi ne a kowace mararraba ka ɗauki layin da ya fi kusa da lambarka. In layi ya tilasta maka yin dama, a na gaba ka rama da hagu. Kuma kada ka nemi ainihin ƙofar da ka shigo ta ita. Nemi titin. Titi dogo ne, ba ya ɓuya, ko ta ina ka ɓullo masa ka fita. Daga cikin Balogun in ka dage kudu kana ɗan karkata yamma, za ka faɗa Broad Street, bayanta Marina da bakin ruwa. In ka dage arewa, ɓangaren Idumota da gadar Carter ka nufa. Masu tafiyar daji ma haka suke yi, kogi ko hanya suke nufa, ba bishiya guda ba. Dalili kuwa lissafi ne: kuskuren digiri 10 a tafiyar kilomita ɗaya yana kai mutum kusan mita 175 gefe. A cikin kasuwa wannan layi nawa ne.

Kada ka yi tafiya wayar tana tafin hannunka a cikin cunkoso. Raɓe gefe, bayanka ga bangon siminti, karanta, zaɓi wani abu da kake hangowa a kan layinka, mayar da wayar aljihun gaba, ka tafi har ka isa abin. Sannan ka sake dubawa. Wannan ya fi daidai, ya kuma fi tsare maka waya a wuri irin Oshodi ko Idumota.

Ka san yadda garin ya kwanta

Kamfas zai ce maka nan ne kudu. In ba ka san me ke kudu ba, bai ƙare ka da komai ba. Legas kuwa in ka riƙe 'yan abubuwa kaɗan, sauran za su zauna da kansu.

Teku tana kudu, ko da yaushe. Island, Ikoyi da Victoria Island suna kudancin gari. Daga can titin Lekki ya miƙe gabas, ya wuce Ajah har Epe. Titin Badagry ya miƙe yamma, daga Orile ya bi Mile 2 ya wuce Ojo inda Alaba Rago take, har iyakar ƙasar Benin a Seme. Hanyar gida kuwa arewa take: Ojota, Berger, titin Ibadan. Gadar Third Mainland, mai tsawon kilomita 11.8 da aka buɗe a 1990, daga arewa zuwa kudu ta kwanta, daga Oworonshoki zuwa Island. In kana kanta za ka shiga Island, buɗaɗɗen ruwan da ke hagunka gabas ne. Titin Ikorodu ya taso daga wajen Yaba ya hau arewa ta Maryland da Ketu zuwa Mile 12, sannan ya karkata gabas ya nufi Ikorodu. Layin dogo daga Oyingbo ya bi Mushin, Oshodi, Ikeja, Agege har Agbado, arewa yana ɗan jingina yamma.

Mazauna Agege da Ikeja suna da wata alamar a sama. Titunan saukar jirgi na filin Murtala Muhammed lambarsu 18 da 36, ma'ana digiri 180 da 360. Daga arewa zuwa kudu suke. Jirgin da ka ga ya sauko ƙasa-ƙasa ya miƙe zai sauka, a kan layin arewa da kudu yake, kana iya gwada wayarka da shi.

Sai dai ka tuna garin ruwa ne. Kamfas miƙaƙƙen layi ya sani, bai san gada ba. Daga Ikorodu, Island tana kudu maso yamma, amma ruwa ne a tsakani. Mota sai ta yi yamma zuwa Mile 12 kafin ta gangara kudu. Daga Oshodi motar Obalende takan fara yin gabas ta Gbagada kafin ta hau gada ta juya kudu. Baƙon da bai san haka ba zai ɗauka an sauya masa hanya. A nan matambayi ba ya ɓata: tambayi kwandasta ko wani ɗan'uwa a tasha ta ina motar ke bi, sannan ka bi ta da ido a taswira.

Haɗa shi da taswira

A cikin danfo ko BRT kada ka dogara da allurar kamfas, kana cikin akwatin ƙarfe ne. Abin da za ka kalla shi ne tafiyar shuɗin ɗigon a Google Maps, wadda daga tauraron ɗan'adam take zuwa, ƙarfen mota bai dame ta sosai ba. Ka hau motar Agege daga Oshodi, ɗigon ya kamata ya riƙa hawa sama. In ka ga yana gangarowa Mushin, yi magana tun kafin a yi nisa.

Wannan yana aiki ne in saman taswirar arewa ne. Yatsa kan juya taswira ba ka sani ba. In ta juya, wani ɗan kamfas mai jan baki zai fito a gefe, taɓa shi ta koma daidai. In kuma a ƙafa kake, ka fito daga tasha ba ka san ko dama za ka yi ko hagu ba, taɓa maɓallin wurinka sau biyu, taswirar za ta riƙa juyawa tare da kai, abin da ke gabanka a titi shi ne a saman fuskar waya. Nan ne kamfas ya fi amfani a rayuwar yau da kullum, domin tauraron ɗan'adam ya san inda kake tsaye amma bai san inda ka fuskanta ba sai ka fara tafiya. Da yawa sukan yi tafiyar minti biyar a baibai kafin su ga ɗigon yana nisa da inda za su.

Ranar da kake da data mai yawa ko ka sami Wi-Fi, shiga Google Maps, taɓa hotonka a sama, zaɓi Offline maps, ka ja akwatin ya rufe daga Badagry zuwa Epe, daga teku zuwa Berger, ka sauke. Daga nan ko data ta ƙare, taswira da ɗigo da kamfas duk suna aiki. Taswirar da aka sauke takan tsufa, ka riƙa sabunta ta lokaci-lokaci. Abin da ke shan batir shi ne hasken fuskar waya da neman wuri, kamfas kansa kaɗan yake ci, don haka duba ka kashe. In kuma ka sa wayar a caji da fawa bank a hanya, zare ta ka sake zana takwas ɗin kafin ka karanta.